Ƙidaya ko wasiyya: neman kakanni bayi a Amurka

Baƙar fatar Amurka mai neman asalinsa yakan fara da takardun ƙidaya, don sun fi sauƙin samu. Sai dai in ana komawa baya, iyakarsu 1870, shekarar da aka fara rubuta yawancin 'yantattun bayi da sunayensu. A ƙidayar 1850 da 1860 bawa ba shi da suna, sai shekaru da jinsi da launin fata, a ƙarƙashin sunan ubangidansa.

Wasiyya da takardun gado kuwa aiki ne ja: sai ka san ubangidan tukuna, sannan ka bi kotunan gunduma. Amma a nan ake tarar da sunan kaka, an jera ta da shanu da kujeru, har da farashinta. A ganina wannan ta fi kai mutum gida, duk da ɗacin karatunta.