Masar, Kenya ko Maroko: wane ayarin yawon buɗe ido za ka bi?

Mutumin Bauchi da ke son fita waje yawon buɗe ido cikin ayari, tare da ɗan jagora, ya fara duba inda jirgin zai tashi kafin ya duba farashi. Kuɗin da ake rubutawa a talla yakan fara ne daga Kano, Abuja ko Legas. Motar zuwa can da kwanan otal kafin tashi duk daga aljihunka ne.

Masar ce ta fi sauƙi ga mai fita karon farko, musamman mai tafiya da iyali ko dattawa. Akwai jirgin EgyptAir daga Kano zuwa Alkahira, abinci halal ne, masallaci ko'ina, ga Azhar ga dalar Giza. Armashin tafiyar yana kan Kogin Nilu, inda ake kwana 3 ko 4 a jirgin ruwa tsakanin Luksor da Aswan. A nan ne masu shirya tafiya suke bambanta. Wani zai ce maka "har da Giza", amma shiga cikin babbar dala tikitinta daban. Abu Simbel, tsohon wurin bautar Fir'aunoni mai nisan kusan kilomita 280 daga Aswan, sau da yawa ƙarin kuɗi ne, kuma tun kafin asuba ake kama hanya. Ka ware canji na bakshish, wato na goro, domin direba da mai ɗaukar kaya da mai raƙumi kowa na sa rai. Kada ka yarda da ragin farashin Yuni zuwa Agusta: zafin Aswan kan wuce digiri 40. Oktoba zuwa Afrilu ne lokacinta.

Kenya ta masu son namun dawa ce. Wanda ya sha zuwa Yankari ya san yadda ake wuni ana neman giwa a dawo da ganin sawunta kawai. A gandun namun dawa na Masai Mara fili ne fetal, dabbobin suna bayyane, kuma daga Yuli zuwa Oktoba garken wildebeest (dabba mai kama da gwanki) da jakin dawa ke ƙetarowa daga Serengeti ta Tanzaniya. Sai dai wannan lokacin ne mafi tsada, kuɗin shiga gandun kaɗai ya kai dala 200 a rana ga baƙo. Saboda haka in ka ga farashi ya yi araha ƙwarai, tambayi ko an haɗa da shi. Tambayi kuma mutum nawa ne a mota. Mutum 6, kowa da tagarsa, ya fi a cusa ku kana leƙe ta kafaɗar wani. Daga Nairobi awa 5 zuwa 6 ne a mota, kuma safiya akwai sanyi, ka riƙe rigar sanyi. Maganar naman halal a sansanin kwana, a yi ta tun kafin a biya.

Maroko kuwa tana son mai jimirin zama a mota. Daga Marrakesh zuwa tuddan rairayin Merzuga kilomita sama da 500 ne ta tsaunukan Atlas, domin a hau raƙumi a kwana a tanti. Ni dai ban ga hikimar Bahaushe ya biya dala don hawa raƙumi ba, amma tsaunin Tubkal mai tsayin mita 4,167 ya isa dalili ga matashi mai ƙarfin gwiwa.

Ko wacce ka zaɓa, fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6, kuma ka tanadi katin rigakafin shawara. Nemi jadawalin kowace rana a rubuce, ka ga ko an bar lokacin sallah. Farashin talla na mutum biyu ne a ɗaki. Mai son ɗaki shi kaɗai zai ƙara. Ka tabbatar kamfanin yana da rajista da NANTA, ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta Najeriya, ka biya ta asusun kamfani ba na wani mutum ba, sannan a rubuta maka nawa za a mayar idan biza ba ta fito ba.