Yuliyus Kaisar ko Ogustus: da wa za a fara?

Masu son tarihin Rumawa sun dame ni da tambayar wanne cikin waɗannan shugabannin Rum biyu ya fi cancanta a fara karanta tarihinsa.

Ta fuskar yaƙi, Kaisar ne gwarzo. Ya ci ƙasar Gol, wato yankin Faransa ta yau, sannan ya ƙetare kogin Rubikon, iyakar Italiya a lokacin, da rundunarsa don yaƙar abokan hamayyarsa na Rum a shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa. Ogustus kuwa ba jarumin fage ba ne. Amininsa Agripa ne ya ci masa yaƙin Aktiyum, wanda ya share masa hanyar mulkin Rum shi kaɗai.

Wajen riƙon mulki ne lissafi ya juye. Kaisar ya karɓi muƙamin mai cikakken iko har mutuwa, 'yan majalisa suka tsorata, suka daɓa masa wuƙa sau 23 a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Ogustus, jikan 'yar'uwarsa kuma magajinsa, ya ga wannan, sai ya yi likimo: ya kira kansa "na farko cikin 'yan ƙasa", alhali sojoji na hannunsa. Ya yi fiye da shekara 40 yana mulki, ya mutu a gadonsa. (Watannin Yuli da Agusta sunayensu ne.)

Mai son labarin yaƙi da cin amana ya fara da Kaisar. Ɗalibin siyasa da tsarin mulki, Ogustus ne nasa.