Shirin The Life Scientific: ra'ayin malamin kimiyya

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare ta gwamnati, kuma wannan shiri na gidan rediyon BBC Radio 4 shi ne abokin hirata idan na zauna duba takardun jarrabawa. Tun 2011 ake yin sa. Tsarinsa ba shi da kwaskwarima: mai gabatarwa, Farfesa Jim Al-Khalili na Jami'ar Surrey, ya zauna da masani guda, su yi kusan rabin awa suna hira a kan inda ya fito da yadda aka yi ya kai inda yake. Kyauta ne a manhajojin podcast, kuma da yake murya ce zalla, ba ya cin data sosai.

Baƙon farko shi ne Paul Nurse, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001 kan binciken yadda ƙwayoyin halitta ke rabuwa. Mutumin nan jarrabawar Faransanci ta yi ta kayar da shi har ta hana shi shiga jami'a da farko, sai ya kama aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani kamfanin giya. Ranar da na ba 'yan ajin ƙarshe wannan labari, wani yaro da Turanci ya hana shi barci ya ce, "Malam, ashe su ma suna faɗuwa?" Na ce masa sosai ma.

Wadda ta fi kama ni ita ce Jocelyn Bell Burnell, 'yar Ireland ta Arewa. Ta faɗi jarrabawar shiga sakandare da 'yan shekara 11 ke yi. A makarantarsu 'yan mata ɗakin girki ake turawa, maza kuma ɗakin kimiyya, sai da iyayenta suka tashi tsaye kafin a canza. A 1967, tana ɗalibar digirin digirgir a Cambridge, ta lura da wani ɗan zane a takardar na'urar da ke sauraron sararin samaniya, wanda ya zama alamar taurarin da ake kira pulsar, masu aiko sigina a kai a kai. Da aka zo ba da Nobel a 1974, malaminta Antony Hewish aka kira, ita ko oho. Abin da ya ba ni mamaki shi ne muryarta: babu ɗaci a ciki.

Al-Khalili ya iya tambaya. Shi kansa masanin fiziks ne, don haka baƙo ba ya iya rufe shi da manyan kalmomi. Zai dakatar da shi ya ce a sake bayani.

Inda nake da ja shi ne batun asali. Al-Khalili haifaffen Bagadaza ne, uba ɗan Iraƙi, uwa Baturiya, ya koma Ingila a 1979. Na zaci mai irin wannan tarihi zai riƙa zama a kan maganar gida, harshe da addini. Amma sau da yawa 'yan mintuna ake ba ƙuruciya, sai a tsallaka ɗakin gwaji. Yawancin baƙin kuma a Birtaniya suke aiki, ba kasafai za ka ji wanda ya yi karatu da fitilar ƙwai ba.

Turancin ma yana da sauri ga ɗalibanmu. Ni nakan rage gudun muryar a waya, in tsayar, in fassara musu da Hausa. Malamin da zai gwada, ya fara da hirar Bell Burnell, musamman idan 'yan mata sun fi yawa a ajinsa.