Gyaran Badala: Tallafin Waje ko Aikin Gayya?

Ana yawan tambayata wanne ya fi wajen ceto ganuwar Kano da Sarki Gijimasu ya fara ginawa.

Tallafin waje, irin asusun jakadun Amurka na adana kayan tarihi da aka kafa a 2001, yana kawo kuɗi masu kauri da ƙwararru. Amma sai ƙungiya mai rajista, da kasafi, da rahoto, ga jira. Wa'adi na cika, kuɗi ya tsaya, alhali ginin ƙasa kowace damina sai ya zaizaye, wannan kuwa yana damuna ƙwarai.

Aikin gayya ba ya cin kuɗi sosai: ƙasa, ciyawa, magina, abincin ma'aikata. Haɗarinsa a ɓata asalin gini, don haka a nemi izinin hukumar gidajen tarihi tukuna.

Ƙofar da ta rushe, tallafi ya dace da ita. Unguwar da ke son yaɓen shekara-shekara, gayya ta ishe ta.