Dariyar maza, tsakin mata: littafi ɗaya, karatu biyu

Hajiya, kin tambaya me ya raba kan 'yan ƙungiyar karatunmu ta Gombe a zaman da ba ki samu zuwa ba, har maza suka tashi suna ƙyaƙyata dariya, mata suna jan tsaki, kuma ko littafin ya cancanci lokacinki. Ga abin da kowane ɓangare ya gani, ga kuma inda ni na tsaya.

Littafin shi ne High Fidelity na Nick Hornby, ɗan Ingila, wanda ya fito da Turanci a 1995. Mai ba da labarin, Rob Fleming, ɗan shekara 35 ne, yana da ɗan shagon faifan garmaho a unguwar Holloway ta arewacin Landan, ciniki sai a hankali. Budurwarsa Laura, lauya, ta tattara nata ya nata ta bar shi. Maimakon ya tambayi kansa me ya yi mata, sai ya zauna ya jera rabuwa biyar da suka fi ci masa rai tun yana yaro, yana yi wa Laura gori a zuci cewa ko cikin biyar ɗin ba ta shiga ba. Daga baya ya tashi neman tsofaffin 'yan matan nan ɗaya bayan ɗaya, wai su faɗa masa dalilin da ya sa suka guje shi.

Maza shagon suka fara gani. Rob da yaran shagonsa biyu, Dick mai kunya da Barry mai bakin tsiya, wuni suke yi suna jera abubuwa biyar-biyar: waƙoƙi biyar da suka fi, fina-finai biyar da suka fi, ana musu kamar za a ba hamata iska. Wani bawan Allah ya shigo neman wata shahararriyar waƙar soyayya, Barry ya ci masa fuska ya kore shi, don a ganinsa waƙar ba ta kai a sayar da ita a shagonsu ba. Ga haya ana bin shago, ga mai saye an kora. Duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi a Jekadafari ko Bolari bayan an tashi daga gidan kallon ƙwallo ya san wannan zaman: mutum uku sai su raba dare kan waye ya fi waye a 'yan wasan Arsenal, amma ɗayansu aurensa na tangal-tangal, ba wanda zai ce masa kanzil a kai. (Shi kansa Hornby ɗan ga-ni-kashe-nin Arsenal ne, littafinsa na 1992 a kan wannan ciwon ya yi shi.) Maza sun ce wannan ne marubucin ya kamo: namiji ya fi iya faɗin abin da yake so ya saurara a kan abin da ke damun zuciyarsa. Daren da gida ya yi wa Rob faɗi, aikin da ya sa a gaba shi ne sake jera fayafayansa, ba bisa haruffa ba, bisa lokacin da ya sayi kowanne.

Maganar kaset ce ta ƙarasa su, musamman waɗanda suka haura arba'in. Rob yana da ƙa'idojin haɗa wa mace kaset: a buɗe da waƙar da za ta kama kunne, sannan ta gaba ta ɗara ta ko kuma a ɗan sassauta. Wani dattijo a cikinmu har da buga cinya, ya ce haka suke yi, a rubuta sunayen waƙoƙin Indiya a takarda a kai wa mai kaset a kasuwa, a zaɓi mai minti 90 don kada ta ce an yi mata rowa, a ba ƙaninta ya kai mata. Samarin cikinmu da suka tashi da tura waƙa ta WhatsApp ba su san wahalar ba, amma sun gane manufar.

Mata kuma lissafi suka yi. A tsakiyar littafin, bayan Liz ƙawar Laura ta wanke shi tas, Rob da bakinsa ya jera abin da ya aikata: ya nemi wata mace lokacin da Laura take da ciki, abin ya taimaka wajen zubar da cikin, ya ci bashin kuɗi masu yawa a hannunta bai biya ba, sannan ya taɓa faɗa mata cewa zaman bai yi masa ba, yana ɗan dube-dube. Wata malamar makaranta ta ce a nan ta ajiye littafin ta je ta sha ruwa. Abin da ya ƙona mata rai ba laifukan kaɗai ba ne, inda aka ajiye su ne: sai da ya gama sa mai karatu ya tausaya masa, sannan ya zaro su, ya bi kowanne da uzuri.

Sun kuma lura da yadda ya bi Laura da kiran waya ba dare ba rana bayan ta koma wurin Ian, tsohon maƙwabcinsu na saman bene, har yana zuwa ya tsaya a bakin gidan. Maza sun karanta wannan a matsayin haukan so, abin dariya da tausayi. Mata sun ce duk wadda tsohon saurayi ya taɓa yi wa sintiri a ƙofar gida ba za ta ga abin dariya ba, kuma abin da ke cin Rob ba rashin Laura ba ne, tsoron kada a ce wani ya fi shi ne.

Inda aka fi ɗaga murya shi ne wurin Penny, ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan matan nan biyar. Tun suna makaranta ya matsa mata lamba kan abin da ba ta shirya ba, ta ƙi, ya rabu da ita, amma shekara da shekaru yana ɗauke da labarin a matsayin ita ta wulaƙanta shi. Da suka haɗu bayan sun girma, ta faɗa masa gaskiyar lamarin da irin ɓarnar da ya yi mata, ta tashi ta bar shi a wurin. Shi kuwa sai ya ji sanyi a ransa, ashe ma shi ya bar ta, ba ita ta bar shi ba. Maza suka ce ai nan ne ƙololuwar barkwancin, wawancinsa ya fito fili. Mata suka ce mace ta gama amayar da ciwon shekaru, ku kuna dariya.

Akwai 'yan kaɗan, maza da mata, da suka ce tun farko zaman dadiro da mashaya ba tarbiyyarmu ba ce, ba su ga abin tattaunawa ba. Gaskiyarsu a kan tarbiyya, amma wannan bai raba gardamar ba.

Ni dai, Hajiya, da mata nake, sai dai ban bi su har ƙarshe ba. Sun fi maza karanta abin da ke kan takarda. Maza da yawa sun ɗauki iya bakin Rob a matsayin tuba, alhali faɗin laifi cikin raha hanya ce ta neman a yafe ba tare da an biya ba, kuma muryarsa tana da daɗin da za ta sa ka manta cewa ɓangare ɗaya kake ji. Inda na rabu da matan shi ne cewa da wasu suka yi littafin yana wanke shi. Ba ya wanke shi. Hornby ne ya sa wa Penny maganar nan a baki, shi ya sa Liz ta zage shi, shi ya ba Laura hankalin da ya fi na kowa a labarin. Rob ne bai ji ba, marubucin ya ji sarai, ya kuma bar wa mai karatu ya ji. Laifi tudu ne, kuma littafin gaba ɗaya a kan mutumin da ke tsaye a kan nasa yana hangen na mata biyar aka gina shi.

Ƙarshen ma bai haɗa kanmu ba. Mahaifin Laura ya rasu, bayan jana'iza suka koma tare, dalilin da ta bayar kuwa shi ne gajiya ta hana ta ci gaba da zama ba tare da shi ba. Maza suka ce so ya yi halinsa. Mata suka ce wannan ba so ba ne, mace ce cikin makoki ta jingina da bangon da ta saba. Ko bayan komawar sai da ya fara haɗa wa wata 'yar jarida kaset kafin ya farga. A shafin ƙarshe yana tsara wa Laura kaset na waƙoƙin da ita take so, ba waɗanda yake so ya koya mata ba. A wurin maza wannan babban mataki ne. Malamar nan ta ce to bashin fa?

Ki karanta shi. Turancinsa mai sauƙi ne, sunayen mawaƙan Ingila da Amurka da suka cika shi kuma ki tsallake su, ba za ki rasa zaren labarin ba. Akwai maganganun manya, kada ki bar shi a falo inda yara za su ɗauka. In kin ce fim za ki nema, na 2000 ya mayar da labarin Chicago, John Cusack ya fito a Rob, kuma fuskarsa tana sa a yafe masa da wuri fiye da yadda littafin ya yarda. A 2020 an yi shi mai dogon zango, aka mayar da Rob mace, Zoë Kravitz ta fito, aka tsaya a zango ɗaya. Littafin za ki fara da shi, kwafina yana hannun sakatare, ki karɓa kafin zaman Asabar.