Sharhi a kan kwalin man ƙamshi na wanka: lafanda, turare da na'a-na'a

A farkon hunturun da ya wuce na sayi wani kwali mai ɗauke da ƙananan kwalabe uku na tataccen man tsirrai, kowace mai cin mililita 10, a wani shagon kayan kwalliya: man lafanda, man itacen turare da ake kira yukaliptus, da man na'a-na'a. Na yi wata uku ina amfani da su a ruwan wanka kafin na rubuta wannan sharhi.

Kwalaben na gilashi ne mai duhu, kuma haka ya dace domin haske yana lalata irin wannan mai. An rubuta sunan kimiyya na kowane tsiro a jiki, kamar Lavandula angustifolia a kan ta lafanda, abin da ke taimaka wa mai saye ya bambance man da aka tato ta hanyar tururi da turaren haɗi da ake ɗurawa a kwalba iri ɗaya. Babban aibin kayan shi ne babu takardar bayani ko guda a cikin kwalin, kuma murfin kwalaben ƙaramin yaro zai iya buɗewa, alhali shan man itacen turare, ko da kaɗan ne, yana iya jefa yaro cikin haɗari mai tsanani.

Rashin bayanin nan ne ya ja mini wahala a daren farko. Na ɗiga na'a-na'a kusan ɗigo goma kai tsaye a bokitin ruwan ɗumi, na juya da hannu, ina zaton ya narke. Ashe mai ba ya gauraya da ruwa. Ɗigon ya taso sama yana yawo kamar idon miya, kuma moɗar farko da na ɗiba ta kwashe shi gaba ɗaya ta zuba mini a wuya da ƙirji. Wani sanyi mai raɗaɗi ya kama fatar, wurin ya yi ja, idanuna suka yi ta hawaye, kuma ƙarin ruwa bai kawo sauƙi ba sai da na shafa man kwakwa na wanke da sabulu.

Tun daga ranar na canja hanya. Ina haɗa ɗigo 5 da babban cokali ɗaya na sabulun ruwa marar ƙamshi, in cakuɗa sosai, sannan in zuba a ruwan. Man kwakwa ko man zaitun ma suna rage kaifinsa, sai dai suna sa daɓen banɗaki santsi, wanda ba ƙaramin haɗari ba ne ga tsofaffi. Gishiri kuwa, duk da yawan masu ba da shawararsa, yana narkewa ya bar man a saman ruwa kamar yadda yake.

Da wannan tsari lafanda ta biya kuɗinta. Ƙamshinta mai laushi ne, kuma wankan dare da ita yana kwantar mini da hankali bayan gajiyar aiki, ko da yake ina ganin ruwan ɗumin ma yana da nasa rabon a yabon. Man turare ya yi amfani a kwanakin mura, domin tururinsa yana sa mutum ya ji hanci ya buɗe na ɗan lokaci, amma ba ya warkar da murar, kuma bai kamata a kusantar da shi ko na'a-na'a ga fuskar jarirai da ƙananan yara ba. Mai juna biyu, mai asma da mai ƙaiƙayin fata su tuntuɓi likita tukuna. Haka nan mai jego, wadda jikinta bai gama warkewa ba, kada ta ɗauka wannan mai daidai yake da ganyen tsamiya ko darbejiya da aka saba dafawa a ruwan wanka, domin ƙarfinsa ya ninka na ganye nesa ba kusa ba.

Lafanda da turare zan sake sayensu, amma ɗaiɗai, kuma masu murfin da yaro ba zai iya murɗewa ba. Kwalbar na'a-na'a tana nan kusan cike a saman kabad.