Jirgin ƙasan wasan yara mai fentin Santa Fe: fentin ne ya ci kuɗinsa

Aikina fenti ne da rubutun alluna a nan Katsina, don haka a jirgin wasan da na sayo wa ɗana a wani shago cikin babbar kasuwa, launi na fara dubawa kafin inji.

Kan jirgi ɗaya ne da tarago uku da layin dogo na roba da ake harhaɗawa, yana aiki da batir. Injin dai ba yabo ba fallasa. Yana cin batir, ƙararsa ta yi yawa, kuma in ba a kan siminti ko tayil aka shimfiɗa layin ba, taragon baya yakan goce a kwana. Kan tabarma kam kada ma a gwada.

Fentin kuwa, nan aka yi aiki. Sun kwaikwayi na kamfanin jiragen ƙasa na Santa Fe na Amurka, wanda wani mai zane, Leland Knickerbocker, ya tsara a 1937 domin jirgin fasinja na Super Chief. Goshin ja ne wur, jan ya lanƙwaso ya sauko ya bi ƙasan jiki, sauran jikin ruwan azurfa, sai siririn layin rawaya da baƙi ya raba tsakaninsu. Wannan siririn layin shi ne gwanintar. Duk mai fenti ya san in ja ya haɗu da azurfa ba shamaki, sai su dushe wa juna. A nan an ja shi tsaf, bai karkace ba, bai malala ba, ko da na kai shi rana na duba. Lanƙwasar kuma tana sa ka ga kamar jirgin gudu yake alhali yana tsaye.

Tambarin ne ya ba ni haushi. Maimakon a buga shi da fenti, sitika aka manna, ga ta a karkace, gefenta har ya fara ɗagowa tun a kwali. Kuma iyaye su sani, tambarin Santa Fe da'ira ce da kuros a ciki. Alamar kamfani ce kawai, kamfanin ma ya haɗe da Burlington Northern tun 1995 suka zama BNSF, amma na san akwai gidajen da ba za su so ta ba. Ni na ɓare tawa, na rubuta sunan yaron a wurin da baƙin fenti.

Na tambayi mai shagon, "Alhaji, babu mai kore da rawaya irin namu?" Ya yi dariya ya ce abin da aka kawo masa daga Kano ke nan. Ni kuwa wannan launin na tsofaffin jiragen NRC, wato hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, ba na raina shi: kore yana ɗaukar ƙurar hunturu ba tare da ya yi muni ba, rawaya kuma ana hango ta daga nesa, abin da makiyayi mai tsallaka layi da shanu yake buƙata ke nan. Yanzu da ake shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, ina fata kawunan jiragen da za a kawo su zo da rawaya mai yawa a goshi, don fari ba ya jimre jar ƙasarmu.

In yaronka ya haura shekara biyar kuma kana da daɓen siminti, saya masa, ka haɗo da batir mai caji. Ƙarami kuwa zai iya kai ƙananan tayoyin baki, a dakata tukuna.